Filin Tambaya da Amsa: Wai talabijin ce ta ƙwato wa baƙaƙen fatan Amurka 'yanci?

Jama'a barkanmu da sake haɗuwa. Tun bayan ɗan tsokacin da na yi kwanaki kan Martin Luther King, jagoran gwagwarmayar baƙaƙen fatan Amurka, saƙonni suke ta shigowa, kuma kusan duk a wuri ɗaya suka tsaya, wato rawar da talabijin da jaridu suka taka a gwagwarmayar neman 'yanci. Na tsinto guda biyar, sauran ku yi haƙuri, wasu tambayar iri ɗaya ce kalmomi ne kawai suka bambanta.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ni ɗaliba ce ina karanta aikin jarida. Malaminmu ne ya ce mana a aji wai da babu talabijin da har yau baƙaƙen fatan Amurka ba su samu damar jefa ƙuri'a ba. Ni dai na ga kamar ya zuzuta abin ne don darasinsa ne. Dan Allah miye gaskiyar magana?

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Toh malaminku ya ɗan ƙara gishiri kam, amma ba ƙarya ya shara ba, bari in ba ki labarin garuruwa uku sai ki yanke hukunci da kanki.

Fara riƙe wannan tukuna. A 1950 gidajen da ke da talabijin a Amurka ba su kai 10 cikin 100 ba, zuwa 1960 sun doshi 90 cikin 100. Kinga kenan akwatin ya shiga ɗakunan mutane ne daidai lokacin da gwagwarmayar ke tasowa, faɗuwa ta zo daidai da zama. Mutumin da ke zaune a arewacin ƙasar wanda shekara da shekaru yana jin ƙishin-ƙishin wai ana wulaƙanta baƙar fata a kudu, yana cewa ai 'yan siyasa ne ke zuzutawa, sai ga abin a gabansa da daddare shi da matarsa da 'ya'yansa suna kallo. Gani ya kori ji.

Gari na farko Albany, a jihar Jojiya, 1961 zuwa 1962. An yi zanga-zanga ta watanni, an kama mutane sama da dubu, King da kansa ya zo an kulle shi. Amma shugaban 'yan sandan garin, Laurie Pritchett, mutum ne mai shegen wayo. Ya zauna ya karanci salon su King, ya gane cewa abin da suke nema shi ne a dake su a gaban kyamara, sai ya ja kunnen yaransa kar wanda ya ɗaga kulki in 'yan jarida na wurin. Kamu kawai ake yi cikin lalama, a loda mutane a mota a rarraba su gidajen yarin ƙananan hukumomin da ke kewaye don kar nasa ya cika. Har akwai lokacin da King ya ƙi biyan tara ya zaɓi zaman kaso, sai aka wayi gari wani da ba a bayyana ba ya biya masa, aka ce ya fita. Babu jini babu hoto, 'yan jarida suka gaji suka tattara kayansu, wariyar Albany tana nan daram.

Su King sun koyi darasi. Shi ya sa a 1963 suka nufi Birmingham ta jihar Alabama, inda mai kula da 'yan sanda da 'yan kwana-kwana wani ne Bull Connor, mutum mai zafin kai da kowa ya san ba ya iya haɗiye fushi. Da farko ma abin bai kankama ba, manya na tsoron rasa aiki, sai James Bevel, ɗaya daga cikin abokan aikin King, ya kawo shawarar a fito da 'yan makaranta. Ran 2 ga Mayu yara suka fito ɗaruruwa aka kama su, washegari da gidajen yari suka cika sai Connor ya ce a sakar musu karnuka a buɗe musu mesar kashe gobara, ruwan da ƙarfinsa ke ɓare bawon itace. Ran 4 ga wata hoton kare yana cafkar cikin wani saurayi ya fito a shafin farko na New York Times, talabijin kuma ta nuna yara ruwa na mirgina su a kan titi. Shugaba Kennedy ya ce hoton ya tayar masa da zuciya. Kuma ki lura da wani abu da ake yawan mantawa, lokacin yaƙin cacar baka ne, Tarayyar Sobiyet tana ta yaɗa hotunan tana cewa ga masu koya wa duniya dimokuraɗiyya nan, sannan a cikin watan ne shugabannin Afirka suka taru a Adis Ababa don kafa ƙungiyar haɗin kan Afirka, har Milton Obote na Yuganda ya rubuta wa Kennedy wasiƙar nuna ɓacin rai. Toh kunya ta kama gwamnati ta ciki da ta waje. Ran 11 ga Yuni Kennedy ya fito a talabijin ya yi alƙawarin kai dokar hana wariyar launin fata majalisa, dokar da magajinsa shugaba Johnson ya sa wa hannu ran 2 ga Yuli 1964 bayan an kashe Kennedy.

Ni kaina maganar sa yara gaba tana min nauyi har yau, ba zan ɓoye ba. Malcolm X, wani jagoran baƙaƙen fata, ma ya soki abin a lokacin, yana ganin ba aikin maza ba ne su tura 'ya'yansu bakin wuta. Amma ya yi aiki, wannan kam ba musu.

Na uku Selma, 1965. A yankin akwai baƙaƙen fata wajen 15,000 da suka isa zaɓe amma waɗanda aka yarda suka yi rajista 300 ne da 'yan kai. A nan ma an zaɓi garin ne da sanin halin shugaban 'yan sandan yankin, Jim Clark. Ran Lahadi 7 ga Maris mutum wajen 600 suka hau gadar Edmund Pettus za su taka zuwa Montgomery, babban birnin jihar Alabama, 'yan sanda suka far musu da kulake da barkonon tsohuwa wasu ma a kan dawakai, cikin jagororin tattakin aka fasa wa John Lewis kai, Amelia Boynton ta suma a kan titi. A zamanin ba a watsa irin wannan kai tsaye, sai an ɗauki fim ɗin a jirgi an kai New York an wanke, shi ya sa sai dare ya iso. Ikon Allah, a daren tashar ABC tana nuna wani fim kan shari'ar da aka yi wa 'yan Nazi a Nuremberg, mutum wajen miliyan 48 na kallo, kawai sai aka katse aka sa Selma. Ki ƙiyasta, kana cikin kallon labarin Jamusawan da suka yi shiru ana zalunci a gabansu sai ga 'yan sandan ƙasarka suna tattake tsofaffi. Cikin kwana biyu limaman coci da ɗalibai suka dinga kwarara Selma daga ko'ina, ran 15 ga Maris Johnson ya yi jawabi a majalisa, ran 6 ga Agusta aka sa hannu a dokar kare 'yancin zaɓe. A Misisipi baƙaƙen fatan da ke da rajista ba su kai 7 cikin 100 ba a 1964, zuwa 1967 sun kusa 60.

Abin da zan so ki koma ki faɗa wa malaminku cikin ladabi shi ne kyamarar da ke Birmingham ai ita ce a Albany. Abin da ya bambanta, masu gwagwarmayar sun gane abincin kyamara, suka zaɓi gari, suka zaɓi azzalumin da ba ya iya riƙe kansa, suka horar da mutanensu a coci-coci yadda za a tofa maka yawu a mare ka ba ka rama ba, suka kuma dinga fitowa da hantsi don hoton ya samu shiga labaran yamma. Wannan aikin ba talabijin ce ta yi musu ba.

TAMBAYA: Gaisuwa mai yawa ɗana. Ni dattijo ne, rediyo da jarida na tashi da su, talabijin daga baya ta same ni. Kullum in ana wannan magana sai a ce talabijin talabijin, shin jarida da rediyo ba su yi komai ba ne?

AMSA: Ranka ya daɗe Baba, Allah ya ƙara lafiya. Wallahi ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi, don jaridun baƙar fata su suka share gonar tun kafin a san za a ƙera talabijin. Tun 1892 wata mata Ida B. Wells take rubutu a jaridarta a Memphis tana tona asirin yadda gungun fararen fata ke kama baƙi su rataye ba shari'a, tana kawo sunaye da dalilan ƙarya da ake fakewa da su, har aka zo aka farfasa mata maɗaba'a ta bar garin. Jaridar Chicago Defender kuwa ma'aikatan jirgin ƙasa baƙaƙe ne ke ɓoye ta a kayansu su shigar da ita kudu, a karanta a miƙa wa na gaba har ta yage.

Kuma hoton da ya fi girgiza baƙaƙen fata su kansu a mujalla ya fito. A watan Agustan 1955 aka kashe Emmett Till, yaro ɗan shekara 14 da ya zo hutu Misisipi daga Shikago, kan zargin wai ya yi wa wata farar mace fito. Aka dake shi aka harbe shi aka jefa a kogi. Da aka kai gawar gida mahaifiyarsa Mamie ta ce kar a rufe akwatin, a bar duniya ta ga abin da aka yi wa ɗanta, mujallar Jet ta buga hoton fuskar. Yawancin fararen fata ba su ma ga hoton ba a lokacin don ba sa karanta Jet, amma samarin baƙaƙe sa'annin yaron sun gani, kuma da yawa cikin waɗanda suka cika tituna bayan shekara biyar zuwa goma sun ce daga ranar ne barci ya ƙaurace musu. Su kuwa makasan biyu, masu taya alƙali yanke hukunci duk farare ne, cikin awa ɗaya da 'yan mintuna suka wanke su, bayan 'yan watanni suka sayar wa mujallar Look labarin yadda suka yi kisan, aka biya su kuɗi, tunda doka ba ta bari a sake gurfanar da su kan laifi ɗaya. Ka ga jarida ta tona, jarida kuma ta biya makashi.

Ƙauracewa motocin bas a Montgomery ma da takarda aka fara. Daren da labarin kama Rosa Parks, baƙar fatar da ta ƙi tashi ta ba farar fata kujera a bas, ya bazu a farkon Disamban 1955, wata malamar kwaleji Jo Ann Robinson ta kwana tana buga dubban takardun kira. Wata takardar ta faɗa hannun jaridar fararen garin, suka buga a shafin farko don su ankarar da 'yan'uwansu, ashe talla suka yi kyauta, baƙin da takardar ba ta kai gare su ba duk suka ji.

Su kuma masu mulkin kudu ba su zauna ba fa Baba. Akwai tashar talabijin WLBT a Jackson ta Misisipi da in an zo nuna wani baƙar fata yana magana kan 'yanci daga babbar tasha sai su katse su sa sanarwar wai an samu tangarɗar waya, sun yi wa lauya Thurgood Marshall haka a 1955. Sai da wata ƙungiyar coci ta ja su har kotu ta soke lasisinsu a 1969. Wata dabarar kuma ƙarar ɓata suna, wani jami'i a Montgomery ya kai New York Times ƙara kan 'yan kurakurai a wata talla ta magoya bayan King, kotun Alabama ta ce a biya shi dala 500,000, manufar dai manyan jaridu su ji tsoron turo wakilai kudu. Kotun ƙoli ta rushe hukuncin a 1964, da ba ta yi ba da wataƙila ranar Selma ba kowa a bakin gadar.

TAMBAYA: Malam ni fa ban yarda da wannan yabon ba. Kyamarar ta turawa ce, tashoshin nasu ne, abin da suka ga dama suka nuna. Ana ta wani cewa sun taimaka, taimakon me? Ai kasuwa suka ci da jinin mutane.

AMSA: Ɗan'uwa sassauta, amma fa ba zan ce ka yi kuskure ba, ina tare da kai a fiye da rabin maganar. Ga misalan da za su ma ƙara maka zafi.

Tattakin Selma da na ba da labari, ka san abin da ya jawo shi? Kisan wani saurayi Jimmie Lee Jackson ɗan shekara 26 a garin Marion da ke kusa, a watan Fabrairu. Da daddare aka yi, fitilun titi suka mutu, aka farfasa kyamarori aka rotsa wa wakilin NBC kai, ɗan sanda ya harbi Jackson a ciki yana ƙoƙarin kare mahaifiyarsa. Babu hoto, ƙasa ba ta motsa ba. Bayan sati uku aka kashe James Reeb, farar fata limamin coci da ya zo daga Boston, nan take shugaban ƙasa ya kira matarsa a waya har da aika jirgi ya mai da ita gida. Ɗan sandan da ya harbi Jackson sai a 2010 ya amsa laifi, aka ba shi wata shida.

Haka a 1964 da matasa uku suka ɓace a Misisipi, James Chaney baƙi, Andrew Goodman da Michael Schwerner farare. 'Yan jarida suka cika jihar, aka turo sojan ruwa suna lalube a fadama, garin neman nan aka dinga tsamo gawarwakin wasu baƙaƙen da ba wanda ya taɓa cigiyarsu a labarai. Matar Schwerner da bakinta ta gaya wa 'yan jarida cewa da Chaney ne kaɗai ya ɓace da ba wanda zai kula. A 1968 'yan sanda sun harbe ɗalibai baƙaƙe uku a Orangeburg, da daddare, ba kyamarar talabijin, yau in ka tambayi Ba'amurke goma da wuya ɗaya ya sani, amma ɗalibai farare huɗu da aka kashe a jami'ar Kent a 1970 kowa ya san hoton.

Su kansu shugabannin sun san wannan halin, shi ya sa suke tace wanda za su sa gaba. Wata tara kafin Rosa Parks an kama wata yarinya 'yar shekara 15 Claudette Colvin kan ƙin tashi daga kujerar bas a garin, amma aka ga ba za ta yi kyau a idon jarida ba, aka jira mace mai shekaru mai natsuwa da ba a samun abin suka a kanta. Abin dariya kuma ƙarar da ta kai ga kotu ta haramta wariya a bas ɗin, sunan Colvin na cikin masu shigar da ita, na Parks babu.

Sannan da gwagwarmayar ta koma biranen arewa inda matsalar ta gidan haya ce da rashin aikin yi da makarantu marasa kyau, abin da ba shi da Bull Connor, ba a iya ɗaukarsa a hoton minti biyu, sai kyamara ta juya. Daga tarzomar unguwar Watts a Los Angeles ta 1965 da mutum 34 suka mutu, abin da ake nunawa shaguna na ci da wuta, tausayi ya koma tsoro. Kwamitin Kerner da Johnson da kansa ya kafa ya faɗa a rahotonsa na 1968 cewa kafafen labarai da idon farar fata suke kallon ƙasar, kuma ɗakunan labaransu kusan babu baƙi.

Inda na rabu da kai shi ne cewa ba su taimaka ba sam. Ko don kasuwa suka yi, hoton ya fita, kuma ba koyaushe masu mulki ke iya juya shi ba. A Agustan 1964 Fannie Lou Hamer, manomiyar auduga daga Misisipi, tana ba da shaida kai tsaye a babban taron jam'iyyar Democrat kan dukan da aka yi mata a gidan yari don ta nemi rajistar zaɓe, sai Johnson ya kira taron manema labarai na gaggawa ba gaira ba dalili don a ɗauke kyamara daga kanta. Aka ɗauke ɗin, amma da daddare tashoshin suka sa jawabinta, a lokacin da masu kallo suka fi yawa. Garin neman gira ya rasa ido. Kuma 'yan jaridar da aka fasa wa kai a kudu, albashi suke nema gaskiya ne, amma jinin nasu ne ya zuba.

TAMBAYA: Salam. Na ji an ce Afirka ta Kudu ba su da talabijin sai can baya, da gaske ne? In haka ne ya aka yi duniya ta san halin da suke ciki?

AMSA: Da gaske ne ƙanwata, sai Janairun 1976 aka fara, ƙasar da ta fi kowacce arziki a nahiyar, ko saukar ɗan Adam a wata a 1969 ba su gani ba. Ba kuɗi suka rasa ba, tsoro ne. Ministan sadarwa Albert Hertzog ya yi shekaru yana cewa akwatin shaiɗan ne, kuma abin da ke ransu shi ne kar baƙi su ga finafinan waje inda baƙi da farare ke cuɗanya, kar kuma Turancin Ingilishi ya danne harshen Afrikaans. Da suka buɗe ɗin ma tasha ɗaya ce ta gwamnati.

Don haka hoton jarida ne ya yi aikin. Kisan da 'yan sanda suka yi wa masu zanga-zanga a Sharpeville ran 21 ga Maris 1960, mutum 69, da yawa a baya aka harbe su suna gudu, mai ɗaukar hoton mujallar Drum yana wurin, shi ya ƙaryata 'yan sanda da suka ce far musu aka yi. Sai Soweto ran 16 ga Yuni 1976, wata biyar kacal da fara talabijin, hoton da Sam Nzima ya ɗauka na Hector Pieterson, yaron da 'yan sanda suka harbe a zanga-zangar ɗalibai, wani saurayi ya rungumo shi yana gudu, yayarsa a gefe tana kuka. Hoton ya zaga duniya, shi kuma Nzima 'yan sanda suka sa shi gaba har ya bar aikin jarida ya koma ƙauye, jaridar tasu The World aka haramta ta a 1977.

A tsakiyar shekarun 1980 ne talabijin ɗin ƙasashen waje ta shigo da ƙarfi, kullum dare Amurkawa da Turawan Ingila na ganin motocin sulke a unguwannin baƙi, sai gwamnatin shugaba Botha ta Afirka ta Kudu ta hana ɗaukar hoton tarzoma a Nuwamban 1985. Labarin ya ragu a allo kam, dabarar ta ɗan yi aiki, amma an makara, bankunan waje sun riga sun fara janye bashi, kuma a 1986 majalisar Amurka ta ƙaƙaba takunkumi duk da shugaba Reagan ya hau kujerar na ƙi. Wani abin mamaki, an hana buga hoton Mandela shekara da shekaru, ranar da ya fito, 11 ga Fabrairu 1990, miliyoyin masu kallo ba su san kamanninsa na tsufa ba sai da suka gan shi yana tafe.

TAMBAYA: Malam yanzu da kowa ke da kyamara a aljihu ai magana ta ƙare ko? Ba sai an jira wata tasha ba.

AMSA: Tsugune ba ta ƙare ba abokina. Gaskiya ne an daina jiran edita, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ran 25 ga Mayu 2020 sanarwar farko da 'yan sandan Minneapolis suka fitar cewa ta yi wani mutum ya rasu bayan rashin lafiya ta kama shi yayin da ake kama shi, ko maganar gwiwa babu. Da ba don wata yarinya 'yar shekara 17 ta tsaya ta riƙe wayarta ba tana ɗauka, minti tara da ɗoriya ɗan sanda na danne wuyan George Floyd, ta kuma sa a Facebook, da shikenan an binne maganar tare da shi. Ɗan sandan ya samu ɗaurin shekara 22 da rabi.

Amma ka tuna Rodney King. A Maris 1991 wani mutum ya ɗauki bidiyo daga barandar gidansa a Los Angeles 'yan sanda na jibgar Rodney King, wani baƙar fata, da kulake sama da sau 50, duniya duk ta gani, kowa ya ce wannan karon ba makawa. Aka mai da shari'ar wata unguwar da kusan duk farare ne, lauyoyin 'yan sandan suka dinga tsai da bidiyon ɗaiɗai ɗaiɗai suna cewa kun ga nan ya ɗaga ƙafa, kun ga nan zai tashi, har duka ya koma kamar darasi a aji, a Afrilun 1992 aka sallame su, gari ya kama da wuta sama da mutum 60 suka mutu. Sai daga baya kotun tarayya ta ɗaure biyu a cikinsu.

Sannan a zamanin Selma manyan tashoshi uku ne, ABC da CBS da NBC, ƙasa gaba ɗaya abu guda take kallo a dare guda, da safe kowa maganar da zai yi kenan ko yana so ko ba ya so. Yanzu kowa da abin da wayarsa ke zaɓo masa, wanda ba ya son gani ba zai gani ba, in ma ya gani akwai wanda ya riga ya shirya masa bayanin cewa ƙarya ce ko haɗi ne, ga shi yanzu ana iya haɗa bidiyon bogi da kwamfuta da gaske. Kuma waya takan tara dubban mutane cikin kwana ɗaya ba tare da sun san juna ba, in an watse an watse. Mutanen Montgomery kwana 381 suka yi ba su hau bas ba, da motoci wajen 300 na sa kai da jadawalin wa zai ɗauki wa a ina da ƙarfe nawa, ga taro a coci sau biyu a sati ana tara kuɗin mai, kuma tun kafin a fara sun san abin da za su ce in an kira su teburin sulhu. Bayan Floyd an yi zanga-zangar da ake lissafa ta cikin mafi girma a tarihin Amurka, wasu birane da jihohi sun hana shaƙe wuya, amma dokar gyaran aikin 'yan sanda da aka sa wa sunansa ta wuce majalisar wakilai sau biyu, a 2020 da 2021, duk ta maƙale a majalisar dattawa.

Mai tambaya kan rediyon da ya ingiza kisan ƙare dangi a Ruwanda a 1994, na ga saƙonka, wannan ba ta gefen shafi ba ce, sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.